Darasi na 14: Kalmar “Reference” a Takardun Neman Aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allon sanarwa a ofishin FNE na Garwa, hukumar samar da aikin yi da gwamnatin Kamaru ta kafa a 1990, ko kuwa aka turo masa tallar aiki ta WhatsApp, ya san abin da ake jerawa a ƙasan takarda. Idan da Faransanci aka rubuta, mun saba da abubuwan: takardar neman aiki, kwafin takardar haihuwa mai hatimi, kwafin takardun makaranta, da takardar kotu ta “bulletin n°3” wadda ba ta wuce wata uku ba. Amma idan sanarwar da Ingilishi ta zo, musamman ta ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje, sau da yawa akan ƙara wani layi guda: “Names and contacts of three references.” A nan ne mutane da dama suke yin tuntuɓe. Wani ya rubuta lambar katin ɗan ƙasa. Wani ya sa sunan kawunsa da na aminin mahaifinsa. Wani kuma ya bar wurin fili, wai ai ba shi ne muhimmi ba, ya zauna yana jiran kiran da ba zai zo ba.

Kada wani ya ce mu a nan arewa Fulatanci da Hausa da Faransanci sun ishe mu. Tsarin mulkin 1996 ya ba Ingilishi da Faransanci daraja ɗaya, dokar 24 ga Disamba 2019 kuma ta ƙara ƙarfafa amfani da su biyun a ofisoshin gwamnati. Yola ga ta nan ƙasa da mu a kan Binuwai ɗaya, kuma ’yan’uwanmu suna tsallakawa neman aiki da karatu. Tun da aka buɗe sansanin ’yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo a 2013, ƙungiyoyin agaji suka yawaita a arewacin ƙasar, suna ɗaukar direbobi, masu gadi, masu tafinta, ma’aikatan jinya da masu tattara bayanai, kuma fom ɗin da yawa daga cikinsu da Ingilishi yake.

Ma’anar kalmar

Asalinta Latin ne, daga wata kalma mai nufin mayar da abu inda ya fito. Wannan ma’ana tana nan har yau. Mai ɗaukar aiki bai san ka ba, abin da ke gabansa takarda ce wadda kai da kanka ka cika, to sai ya mayar da maganarka wurin wanda ya san ka, ya ji ko haka ne. Saboda haka a harkar aiki kalmar tana ɗauke da abu biyu. Ana kiran shaidar da aka bayar a kanka “reference”, ko a rubuce ko ta waya. Ana kuma kiran mutumin da ya ba da shaidar da wannan suna, musamman a Ingilishin Amurka. Idan sanarwa ta ce a kawo guda uku, mutane uku take nufi, da sunansu da matsayinsu da hanyar samun su.

Wajen furuci, a farkon kalma ake ɗora nauyi: RE-frans. Wanda ya saba da Faransanci yakan kai nauyin ƙarshe, domin haka ake faɗar “référence”. Wajen rubutu kuma Ingilishi ba ya sa wa harafin e alama a kai. Aikatau ɗin shi ne “refer”, ana faɗar sa ri-FAA, idan abin ya wuce sai a ninka harafin ƙarshe a rubuta “referred”.

Akwai ’yar’uwarta da take ba mutane dariya a aji. Ingilishin Ingila, wanda shi ne makarantun Bamenda da Buea da na Najeriya suka gada, yana kiran mai ba da shaidar “referee”. Mu kuwa rafali muka sani, mai busa usur. Wanda ya shiga filin Roumdé Adjia a Janairun 2022 lokacin gasar cin kofin Afirka, ko yake zuwa kallon ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport, da ya ga kalmar a fom alƙalin wasa ne zai faɗo masa. Kalma ɗaya ce, kuma dalilin ɗaya ne, dukansu mutane ne da ake mayar wa magana su raba gardama. To idan ka ga fom ya ce “Referees”, abin da ake nema daidai yake da na “References”, ba ruwan kowa da ƙwallo.

Abin da muka riga muka sani

Al’adar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, rubuta ta ne kawai baƙo. Idan yaro ya zo neman aure, ba a dogara da abin da ya faɗa game da kansa, kuma ba a tambayar mahaifiyarsa ko yana da kirki, don an san amsarta. Maƙwabta ake bi, da abokan sana’arsa a kasuwa, da waɗanda suke salla sahu ɗaya da shi. Mai ɗaukar aiki ma haka yake yi. A fiƙihun Malikiyya da malamanmu suke karantarwa akwai babin tazkiyya, inda alƙali yake neman adalai su tabbatar masa da halin mai ba da shaida kafin ya karɓi maganarsa.

A Ingila kuwa, ’yan aikin gida ne suka fi dogara da irin wannan takarda, a da “character” ake ce mata, wato hali. Baran da aka sallama ba tare da ita ba, da wuya ya sake samun gidan da zai ɗauke shi. Jabunta ya yi yawa har majalisarsu ta kafa doka a 1792 don hukunta masu ba da shaidar ƙarya a kan barori. Faransa wata hanya ta bi. A 1803 aka tilasta wa ma’aikata riƙe ɗan littafi mai suna “livret d’ouvrier”, inda ake rubuta ranar shigar mutum aiki da ranar fitarsa, ba a soke shi ba sai 1890. Ku lura da bambancin, domin har yau yana bin mu: ɗaya al’adar ta fi damuwa da abin da mutane suka ce a kanka, ɗayar da kwanan wata da hatimi. Mu a Kamaru duka biyun muka gada.

Takardu uku da ake rikitawa

Nan ne zuciyar wannan darasi, don haka mu bi a hankali.

Ta farko ita ce wadda doka ta tilasta a ba ka. Dokar ƙwadago ta Kamaru, mai lamba 92/007 ta 14 ga Agusta 1992, ta ce a sashe na 44 idan aikin mutum ya ƙare, ko da wane dalili ne, dole wanda ya ɗauke shi ya ba shi “certificat de travail” a lokacin tafiyarsa. Da Ingilishi ana ce mata “certificate of service”. Wannan haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Ko kai ka ajiye aikin, ko korar ka aka yi, ko kun rabu baram-baram, sai an ba ka. Idan aka hana ka, ofishin sufeton ƙwadago za ka nufa. Sai dai dokar ta taƙaita abin da za a rubuta a ciki: ranar da ka fara, ranar da ka bari, da irin ayyukan da ka riƙe tare da lokutansu. Shi ke nan. Ba a cewa kai haziƙi ne, ba a cewa kai malalaci ne. Hikimar ita ce kada maigida mai ƙullaci ya ɓata wa ma’aikaci suna a takardar da zai riƙa nunawa tsawon rayuwarsa. Amma wannan kariya ita ce kuma iyakarta. Idan mutum biyu suka yi aikin kaka a masana’antar gurzar auduga ta Sodecoton, ɗaya kullum shi ne farkon zuwa, ɗayan sai an neme shi, takardunsu za su fito iri ɗaya sak. Mai ɗaukar aiki ya san haka. Shi ya sa yake neman lambar wayar wanda ya gan ku kuna aikin.

Ta biyu ita ce “testimonial”, ko wasiƙar yabo da Faransanci yake kira “lettre de recommandation”. Buɗaɗɗiyar wasiƙa ce da ake danƙa maka a hannu, kana iya karanta ta, ka yi mata kwafi goma. Yawanci takan fara da “To whom it may concern”, daidai da “À qui de droit”, wato zuwa ga duk wanda abin ya shafa. Makarantun sakandare a Najeriya suna ba ɗalibai irinta idan sun gama. Tana da amfani, amma nauyinta bai kai na shaidar da aka nema kai-tsaye ba, saboda kowa ya san ba wanda zai rubuta aibinka ya miƙa maka a hannu.

Ta uku, wato takardar garanto, ita ce mai haɗari, kuma ita ce dalilin da ya sa dattawa da yawa suke noƙewa idan aka ce za a sa sunansu. Garanto daban, mai shaida daban. Idan Alhaji ya ba saurayi babur ya riƙa haya yana kawo balas kullum, yakan ce a kawo wanda zai tsaya masa. Wannan mai tsayawa, wanda Ingilishi yake kira “guarantor”, Faransanci kuma “garant” ko “caution”, ya ɗauki nauyin biya: idan yaro ya gudu da babur, shi za a kama. Mai ba da “reference” bai ɗauki nauyin ko dala ba. Abin da ya sani kawai zai faɗa. Duk da haka, kafin ka sa hannu a kowane fom saboda wani, duba wace kalma ce aka rubuta a samansa, domin wasu kamfanoni, musamman na gadi da masu riƙe kuɗi, suna neman duka biyun a takarda ɗaya.

Wa za ka sa?

Wanda ya ga aikinka da idonsa, kuma yana sama da kai a lokacin. Shugaban sashenka, maigidan da ka yi wa tuƙi, babbar ma’aikaciyar jinya da kika yi horo a ƙarƙashinta, malamin da ya koyar da kai. Ingilishi yana rarrabe su: “professional reference” ta wurin aiki ce, “academic reference” ta makaranta, “character reference” kuma shaidar hali ce daga wanda ya daɗe da sanin ka, kamar limamin unguwa ko shugaban ƙungiyar da kake ciki. Idan sanarwa ta ce “professional”, kada ka cika wurin da limamai.

Dangi ba sa shiga. A garinmu ana kuma son sa sunan babban mutum, ɗan majalisa ko wani na kusa da fadar Lamiɗo, a ɗauka girman sunan zai buɗe ƙofa. A ganina wannan kuskure ne. Za a kira shi, mai yiwuwa ma ba zai ɗauka ba. In ya ɗauka aka tambaye shi yadda kake riƙe littafin sito, sai ya ce yaron kirki ne, ya san mahaifinsa. Wannan amsa ba ta taimake ka da komai ba. Shugaban leburori da ya yi shekara biyu yana kallon hannunka ya fi maka shi sau goma.

Yawancinmu kuwa ba mu taɓa aikin da ake ba da takardar albashi ko lambar CNPS ta inshorar ma’aikata ba. Tela ce ke a Yelwa, bakanike ne kai a Poumpoumré, ko kana auna masara a kasuwar Pitoa ran Lahadi. Wannan bai hana ka samun mai shaida ba. Ogan da ya yaye ka a gareji shaida ne. Shugabar ƙungiyar mata da kika riƙe wa kuɗin adashi shekara da shekaru ba a taɓa neman sisi an rasa ba, babbar shaida ce ga mai neman aikin ajiyar kuɗi. Shugaban ƙungiyar manoman auduga ta ƙauyenku ma haka.

Sharaɗi ɗaya ne ba a tsallakewa: nemi izini tukuna. Ku karanta wannan hira bibbiyu, ɗaya ya zama direba, ɗaya tsohon maigidansa.

Direba: Salamu alaikum. Alhaji, barka da hutawa. Ina gajiya?

Alhaji: Wa alaikumus salam. A’a, kai ne? Ba gajiya. Kwana biyu ka ɓuya. Ya iyali?

Direba: Lafiya lau, ranka ya daɗe, suna gaishe ka. Dama wata alfarma na zo nema. Wata ƙungiya ce take neman direba a Marwa, suka ce in ba da sunan waɗanda na yi wa aiki. Shi ne na ce ba zan rubuta sunanka ba sai da yardarka.

Alhaji: To, tsaya. Kada dai a ce ni na tsaya maka. Ka san mota dukiya ce, ni kuma girma ya kama ni, ba na son hawa matakalar kotu.

Direba: A’a wallahi, Alhaji, ba garanto ba ne. Ba abin da za ka sa wa hannu. Waya kawai za su yi, su tambaye ka yaushe na yi maka aiki da yadda ka ga tuƙina.

Alhaji: In wannan ne ba komai. Shekara nawa ma ka yi kana ɗauko mini siminti daga Figil?

Direba: Huɗu, ranka ya daɗe, sannan ka mayar da ni hanyar Ngaundere.

Alhaji: Haka ne. Kuma ban taɓa jin ka kwantar da mota a hawan dutsen nan ba. Amma fa ka sani, in suka tambaye ni zancen saurin fushi, ba zan ɓoye ba.

Direba: Na yarda, Alhaji. Wace lamba zan ba su? Kuma da wane harshe ka fi so su yi maka magana?

Alhaji: Ba su ta Orange ɗin, ita ce kullum a hannuna. Ka ce Faransanci ko Fulatanci. Allah ya sa a dace.

Ku dubi abin da direban ya samu a wannan ɗan zama. Ya kawar da tsoron garanto. Sun daidaita a kan shekaru, don kada shi ya rubuta huɗu Alhaji ya ce biyu. Ya san lambar da ake ɗauka. Ya kuma san harshen da za a yi magana da shi, abin da yake da muhimmanci ƙwarai a nan, domin mai kira daga Yawunde da Ingilishi zai iya katse waya idan ba su fahimci juna ba. Babu laifi ka rubuta a gefen suna cewa mutumin Faransanci yake ji.

Yadda ake rubutawa

A ƙarshen CV, ƙarƙashin kan magana “References”, kowane mutum yana samun layi huɗu ko biyar: cikakken suna, matsayinsa, wurin aikinsa, lambar waya da imel in akwai, sai dangantakarku ta aiki, misali “former supervisor”, wato tsohon shugabana a wurin aiki. Idan takardar za ta fita waje, fara lambar da +237. Wasu sukan rubuta “References available on request”, ma’ana za a kawo in an nema. Idan sanarwa ta riga ta nema, wannan jimla ba ta da wuri. Kawo sunayen kawai.

Ga jimloli uku da ya kamata ku haddace. “May I use you as a reference?” Ka yarda in sa sunanka cikin masu yi mini shaida? “She gave me a good reference.” Ta yi mini kyakkyawar shaida. “We will check your references.” Za mu tuntuɓi masu shaidarka. Idan kuka ji ta ukun a ƙarshen ganawa, alama ce mai kyau, domin yawanci ba a ɓata lokacin kiran mutane a kan wanda aka riga aka ajiye gefe. Da ka fita, kira masu shaidarka ka sanar da su cewa waya tana tafe.

Idan kai aka tambaya

Wasu a cikinku suna da yara a shago ko a gona, wata rana ku za a kira. Tambayoyin kusan kullum iri ɗaya ne: tun yaushe ka san shi, wane aiki ya yi, yaya zuwansa a kan lokaci, yaya amanarsa, me ya raba ku, sannan wadda ta fi kowace nauyi, za ka sake ɗaukar sa? Faɗi abin da ka gani, ka bar abin da ka ji a bakin mutane. Kada kunya ta sa ka wanke wanda ka san hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, a je a ba shi sito. Kada kuma tsohon haushi ya sa ka toshe wa mutum abincinsa. A Ingila kotun ƙoli ta lokacin ta yanke hukunci a 1994, a shari’ar Spring da kamfanin inshora na Guardian Assurance, cewa tsohon ma’aikaci yana iya neman diyya idan aka yi sakaci wajen rubuta shaida a kansa har ya rasa aiki. Mu ko ba kotu, mun san matsayin shaidar zur. Idan ka ga ba za ka iya faɗin alheri ba, gaya wa mai neman tun farko ya nemi wani, ya fi ka amsa masa da to sannan ka kashe shi ta waya.

Sauran wuraren da za ku gamu da kalmar

A saman wasiƙar ofis za ku ga “Ref.” da lambobi a gabansa; lambar fayil ce, ita za ku ambata idan kuna ba da amsa. Sanarwar aiki ma takan zo da “reference number” wanda ake so a rubuta a bayan ambulan. “Terms of reference”, wanda masu Faransanci suke taƙaitawa TDR, bayanin iyakar aikin da aka ba mutum ne. Asibitin da Faransanci yake kira na “référence” kuwa, wanda ƙananan asibitoci suke tura masa marasa lafiya, da Ingilishi “referral hospital” ake cewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi masu shaida.

Aikin aji da na gida

1. Da bakinka, bayyana wa na kusa da kai bambancin “certificate of service” da “reference”. Wacce doka ta tilasta a ba ka?

2. Wata mata tana neman aikin dafa abinci a makarantar kwana. Tana da yayanta, da matar da ta yi wa aikin tuwo-tuwo shekara uku, da wani ɗan siyasa da ya san mijinta, da malamarta ta wannan aji. Su wa za ta sa, kuma don me?

3. Ku sake yin hirar direba da Alhaji, amma a wannan karo tsakanin tela da uwar ɗakinta da ta koya mata ɗinki.

4. Cika wurin da kalmar da ta dace: “My former manager agreed to be my ______.” “Please quote the ______ number.”

Kafin zama na gaba, kowa ya je da ƙafarsa wurin mutum biyu da suka san aikinsa, ya gaishe su, ya nemi izininsu, ya karɓo lambar da suke ɗauka. Wanda kuma ya taɓa barin wani aiki bai karɓi takardarsa ta sashe na 44 ba, ya koma ya nema tun wanda ya san shi yana kan kujerar. Ku zo da sunayen a rubuce cikin littafinku, da su za mu fara haɗa CV a darasi na 15.